Fitilun da Ke Ƙasan Hoton

Abin da na fara lura da shi ranar da na iso gidanmu na Arlit shi ne wata tocila da ke rataye a ƙusa kusa da ƙofar ɗakin Baba, an shafe gilashinta da jan farce. Kwana biyu na yi a hanya daga Damagaram, ƙafafuna sun kumbura, Inna tana ta kai da kawo da ruwa da fura, ku biyu kuna laɓe bayan labule kuna leƙena, ni kuwa idona yana kan tocilar. Shafi uku ko huɗu aka yi mata, wani kan wani, kuma wanda ya yi bai iya ba, don jan ya gangaro har wuyanta ya bushe a nan. Na so in tambaya, ban tambaya ba. Ni ce 'yar fari, tun da aka yaye ni Kaka ta ɗauke ni, sai da ta rasu aka dawo da ni ina da shekara goma sha huɗu. Tsakanina da Baba gaisuwa ce kawai, kaina a ƙasa, shi ma yana kallon wani wuri.

Habu, Safiya, saboda ku nake wannan rubutu. Ran nan na ji Habu yana gaya wa abokinsa wai wasan da Baba yake yi da kamara ne ya jawo mana abin da ya same mu a shekarar nan. Haka maƙwabta suka faɗa, haka kuka taso kuna ji, don lokacin ku yara ne ƙanana. Ba haka aka yi ba. Ina wurin.

Baba ya yi shekara goma sha tara yana gyaran lantarki a ramin haƙar ma'adinai na Akokan. Yakan shiga ƙasa gari bai waye ba, ya fito a gajiye, bai ɗaga kai ya dubi komai ba. Da aka rufe ramin, wani abokin aikinsa mai awon ƙasa da zai koma garinsu ya bar masa tsohuwar kamara da gilasai biyu da ƙafa uku ta ɗora ta. Abokansa da yawa suka watse, wasu kudu, wasu wurin haƙar zinariya. Shi ya yi sa'a wani ƙaramin kamfani da ke aikin binne wurin ya ɗauke shi, aka ba shi baji mai hotonsa da yake ratayawa a wuya, ya kuma sa hannu a takarda cewa ba zai taɓa ɗaukar hoton wurin aiki ba, ko shinge, ko hanya, ko mota. Da bajin nan muke ci. A shekarunsa babu wanda zai sake ɗaukarsa, kuma kowa a gidan ya san haka ko da ba a faɗa.

Duk wata, idan farin wata ya ɓace, Baba yakan ɗaura jakar kamara a bayan babur bayan lisha ya tafi lambun abokinsa Risa, wani Ba'abzine tsohon direba, a bakin gari ta hanyar Gugaram. Taurari yake ɗauka. Inna ba ta taɓa barinsa ya fita ba ta ce wani abu ba.

“Baban Habu, mutumin da ya sa hannu a takarda ba ya yawo da kamara a garin nan.”

“Sama nake ɗauka. Sama ma ta kamfani ce?”

“Kai dai ka tambaye su, kada ka yi mamaki.”

Dalilin da ya sa aka fara tafiya da ni shi ne idonsa. Cikin duhu kamara ba ta iya daidaita kanta, sai an juya zoben gilashin da hannu a hankali ana kallon tauraro ɗaya a ɗan allon bayanta har ya tsuke ya zama ɗigo kamar bakin allura. Baba ko da tabarau ba ya rarrabe ɗigo da ɗan kumburi, sai ya dawo gida ya ga hotunan dare guda duka sun zama kamar an watsa auduga. Wata rana yana ƙorafi, Inna ta ce daga bakin murhu, ba ta ko dube ni ba, “Ga mai ido nan tana zaune, har ƙwayar shinkafar da ta faɗi tana gani.” A daren na hau bayan babur, na riƙe jakar, ban riƙe shi ba.

A lambun na gane amfanin tocilar. Farin haske yana makantar da mutum, sai ya jira kusan rabin awa kafin idonsa ya sake sabawa da duhu, ja kuwa ba ya yin haka. Na koyi sauran a hankali, yawanci da kallon hannunsa. Ana sa gajeren gilashin, mai faɗin gani, wanda ke kwasar kusan rabin sama a hoto ɗaya. Ana buɗe shi iyakar buɗewarsa. Idan na samo ɗigon, Baba ya yanki baƙin salatif na aikinsa ya manne zoben kada ya motsa. Sannan a danna, a janye hannu, kamara ta jira daƙiƙa biyu kafin ta buɗe ido, ta bar shi a buɗe daƙiƙa ashirin. Idan aka wuce ashirin taurari sukan yi wutsiya, don sama tafiya take ko da ba mu gani. A cikin ashirin ɗin nan ba a tafiya, ba a tari kusa da ƙafa ukun. Ni nakan riƙe numfashi ina ƙirgawa. Sai allon ya haska, ka ga abin da idonka bai gani ba: inda ka ƙirga taurari goma, ga ɗaruruwa, ga farin zanen nan da ke ratsa sama ya fito da baƙaƙen tsagogi a cikinsa kamar busasshen kogi. Risa yakan bar butar shayinsa ya zo ya leƙa, ya nuna da tsinke ya faɗi sunayensu da yarensu, ya ce da waɗannan ya kai motoci wuraren da babu hanya.

“Yarinya, ka sha shayi,” yakan ce mini, haka Hausarsa take. “Babanka ya gaji da ƙasa, yanzu sama yake haƙa.”

Doka ɗaya Baba ya kafa mini, ya kuma maimaita ta sau da yawa: wurin aiki a bayanmu kullum. Gabas muke fuskanta, ko arewa maso gabas, wajen duwatsu, inda babu fitilar kowa. Wata bakwai muka yi a haka.

Bayan damina farin zanen ya karkata. Da wuri yake gangarawa kudu maso yamma, kuma wurin da ya fi kauri da haske yana sauka daidai tsakanin dabinai biyu da ke ƙarshen lambun. Na yi dare biyu ina kallon wurin da gefen ido. A dare na uku Baba ya je ya zauna wurin shayi ya bar ni da kamara, abin da ya fara yi a watan. Na dubi wajen dabinan. Na san Akokan can take, amma da ido babu abin da ake gani sai wani ɗan haske-haske a gindin sama, wanda in ba an gaya maka ba ba za ka lura ba. Na ce a raina ai nesa ne. Na kwance maƙallin, na juya kamarar, na sunkuyar da ita kaɗan don dabinan su shiga. Na danna, na janye hannu, na ƙirga.

Har yau ban ga hoto mai kyansa ba. Dabinan baƙaƙe ƙirin, zanen yana zubowa tsakaninsu. Amma a ƙasa, ƙarƙashin ganyen, ga ɗigogi rawaya guda bakwai a jere, tazararsu ɗaya, ga wani ja a samansu inda hasumiya take, ga kuma wani farin layi dogo a kwance, wanda na gane nan take: mota ce ta bi hanyar shinge cikin daƙiƙa ashirin ɗin. Abin da kamara ke yi wa taurari shi ta yi wa fitilun, ta tara haskensu har suka fito sarai. Maɓallin gogewa, mai zanen kwandon shara, yana ƙarƙashin babban yatsana. Na ji sanyinsa. Sai na ji takun Baba a bayana, ya sunkuya, tabaransa na aljihu bai ciro ba.

“Subhanallahi,” ya ce. Ya daɗe bai ɗago ba. “Ke kika ɗauki wannan?”

Na ɗaga kai alamar e.

“Risa! Taso ka ga aikin 'yata.”

Bai taɓa cewa haka ba a gabana. Na janye yatsana.

Nan ne nake so ku karanta a hankali, don nan ne laifin yake. Washegari Baba ya ce in zuba masa hoton a salularsa, wayarsa ta hannu, tun da ni na iya. Ina zaune ni kaɗai da salular a hannu, da rana tsaka, na sake ganin ɗigogin bakwai. Na san yadda ake yanke gefen hoto, na ma gwada, na ja layin sama har fitilun suka fita. Amma sai gindin dabinan ya fita tare da su, suka zama kamar an rataye su a iska, hoton ya lalace. Na mayar da layin inda yake. Na daɗe ina gaya wa kaina kunya ce ta hana ni magana, ina jin nauyin in ce masa na karya dokarsa. Akwai wannan. Amma gaskiya ina son dabinaina da gindinsu, ina kuma son ya sake cewa 'yata. Da yamma ya tura hoton cikin zauren tsofaffin ma'aikatan rami da suke da shi a salula, yana karanto wa Inna yabon da ake ta yi, ita kuma tana cewa to, madalla, a ci abinci.

Kwana huɗu bayan nan, ranar da ba mu da lakwal, wato makaranta, ya dawo gida da hantsi. Ba a taɓa ganinsa a gida da hantsi ba. Ina tsintar wake a tsakar gida, abin da na fara dubawa wuyansa ne. Igiyar bajin ta bar wani siririn layi a wuyan rigarsa inda rana ba ta ci launin ba, layin yana nan, igiyar babu. Wasu mutum biyu suka tsaya a zaure, ya shiga ɗaki ya fito da jakar kamara ya miƙa musu, har da ƙafa ukun. Da motarsu ta tashi Inna ta sauke muciya.

“Me ya faru?”

“Sun ce in zauna gida tukuna. Ran Litinin shef ɗin masu tsaro zai gan ni.”

“Hoton ne?”

“Wai shinge ya fito, da hanyar motoci.”

“Ban gaya maka ba? Baban Habu, ban gaya maka ba?”

“Kin gaya mini.”

“Me ka ce musu?”

“Me zan ce? Na ce ni na ɗauka, ban lura ba.”

Bai dube ni ba ko sau ɗaya. Na ci gaba da tsintar wake.

Kwana biyar ne tsakanin ranar da Litinin. Lokaci ne da garin duka ke tsoron kamara, kowa yana kallon kowa, kuma magana ta riga mu zuwa kasuwa. Matar da ke aiko mana da tsamiya ta daina aikowa. A famfo na ji ana cewa wai ba taurari yake ɗauka ba, biyansa ake yi. Risa ya zo sau ɗaya, suka zauna a zaure ba shayi, ya tafi. Baba yakan tashi lokacin da ya saba, ya yi wanka, ya sa rigar aiki, sannan ya tuna, ya zauna a tabarma da ita har azahar. Inna ba ta sake yi masa faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗan tsoratar da ni. Na gan ta tana jera tukwane ƙanana cikin manya, tana ware waɗanda za su iya tafiya kudu da waɗanda za a bari. Safiya, ke kina ta ciro su kina wasa, tana mayarwa. Sau uku na kai wa Baba ruwa na tsaya a kansa da kofin. A na ukun ya ce, “Akwai magana ne?” Na ce babu.

Ran Lahadi da dare na gaya wa Inna, tana ninke kaya. Na ce ni na juya kamarar, na ga fitilun tun a lambu, na sake ganinsu a salula, na bari. Ta daina ninkewa. Na zaci mari zan sha. Sai ta tashi ta saki labule ta dawo ta zauna kusa da ni sosai.

“Ya san ke kika juya ta, ai shi ya faɗa mini. Cewa kin gani kika yi shiru ne bai sani ba, kuma ba zai ji daga bakina ba. Ke ma rufe naki.”

“Inna, za su kore shi.”

“Idan sun kore shi namiji ne, ya ga abin da ya fi wannan. Ke sunanki ya shiga takardar masu tsaro, ina za ki kai shi? Gobe jarrabawa, jibi neman aiki, a buɗe a gani. Ya ɗauki laifin, ki bar masa. Kin ji ni?”

Na ce na ji.

Da safe Baba ya fita tun kafin mu karya. Na sa kayan lakwal, na ɗauki jakata, sai na ga tabaransa a kan tabarma, ƙafa ɗaya ɗaure da zare. Na sa su a aljihu. A mararrabar da zan bi hagu zuwa lakwal na tsaya har wani mai amalanke ya yi mini tsawa, sannan na tari motar Akokan da kuɗin karin kumallona. Na same shi a benci a bakin biro, wato ofishin masu tsaro, hularsa a gwiwa.

“Me ya kawo ki?”

Na miƙa masa tabarau. Ya karɓa, ya buɗe baki zai kore ni, sai aka kira sunansa. Na bi bayansa kamar inuwa, mai gadin ƙofa ya dubi kayan lakwal ɗina ya bar ni na wuce.

Shef ɗin mutumin Tawa ne, da jin maganarsa, mai furfura a gefen kai da jajayen idanun wanda bai yi barci ba. Hotona yana kan babban allo a teburinsa, ya fi yadda na taɓa ganinsa girma, an zagaye fitilun da jan layi. Kamarar tana gefe, har yanzu da salatif ɗin Baba a zobenta. A gabansa akwai takarda da aka riga aka cika, na karanta sunan Baba a juye.

“Isuhu, mi ya kai ka? Shekara nawa muna tare? Takarda ta ce ma'aikacin da ya ɗauki hoton wuri, sallama. Kuma na sama da ni ba fitilu suka dame su ba, wannan layin ne. Suna tambaya, don mi mutum zai sa ido kan hanya daidai lokacin da mota ke wucewa?”

“Ranka ya daɗe, taurari ne. Tsautsayi ne kawai.”

“To nuna mini yadda aka yi tsautsayin.”

Ya turo masa kamarar. Baba ya sa tabarau, ya kunna ta, yatsunsa suna ta yawo a kan maɓallai, don wata uku ke nan ni ke shiga waɗannan wuraren ba shi ba.  Shef ɗin yana kallo, na ga fuskarsa tana rufewa. Ban san lokacin da muryata ta fito ba, ƙarama, kamar ta wata.

“Na biyu daga sama, Baba.”

Su duka suka juyo. Shef ya ce, “Ke kin iya?” Baba ya ce yarinya ce, ba ta san komai ba. Shef ya ɗaga masa hannu, ya turo mini kamarar. Na ɗauka, idona a kanta don kada in dubi kowa. Na nuna masa lambar daƙiƙa ashirin a jikin hoton. Na ce da ido ba a ganin fitilun daga lambu, kamara ce ke tara haske, kuma duk abin da ya motsa a cikin ashirin ɗin layi yake zama, ko jirgi ne ko mota, ba a iya sanin zai zo. Sannan na koma baya cikin katin da kamarar ke adana hotuna, hoto bayan hoto, wata bayan wata, duka gabas, duka duhu a ƙasa, babu fitila ko ɗaya. Ya matso da kujerarsa. Ya tsayar da ni a wani ya ce wannan ba Kaza da 'ya'yanta ba ce, na ce ita ce. Muka kai ƙarshe. Ɗaya ne tak ya kalli yamma.

“To wa ya juya ta a wannan daren?”

“Ni,” in ji Baba, da sauri.

Shef ya dube shi, ya dube ni, ya ja numfashi ya ɗauki alƙalami. “Idan kai ne, Isuhu, babu abin da zan iya yi maka. Ka sa hannu nan.”

Kun san abin da ya biyo baya, ko da ba ku san dalilinsa ba. Sati biyu Baba ya ƙara a gida, sannan aka mayar masa da bajinsa tare da takardar gargaɗi. Kamarar da katin ba su dawo ba, kuma tun ranar bai sake zuwa lambun Risa da dare ba. Inna ta yi kwana takwas ba ta yi mini magana ba sai aike. Akwai wata takarda mai ɗauke da sunana a wata durowa a Akokan, ban san ranar da za ta tare ni a hanya ba, wataƙila ba za ta taɓa ba. Baba bai taɓa tayar mini da maganar ba, kuma duk wanda ya ce wasansa ne ya jawo, yakan yi shiru ya bar shi. Shi ya sa ku ma kuka ɗauka haka.

Amma a lokacin ban san ko ɗaya daga wannan ba. Abin da na gani kawai shi ne Baba ya karɓi alƙalamin, ya gyara tabaransa, ya sunkuya yana neman layin. Na ɗora tafin hannuna a kan takardar.  Na ɗago na dubi shef ɗin a ido, abin da ban taɓa yi wa babban mutum ba, na ce:

“Ranka ya daɗe, yana wurin shayi, ni na juya ta. Na ga fitilun tun a daren, ban gaya masa ba. Ni ban sa hannu a takardar kowa ba. Don Allah ka cire sunansa, ka rubuta nawa.”